Ajiyar Ɗan Farina Ta Ƙi Tashi a Hannuna

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Ina gaisuwa, ya damina, ya aikin gona ga masu gona. Don girman Allah a ɓoye sunana da sunan garinmu, domin in aka faɗi ɗaya daga ciki an gama gane ni, garin ba shi da girma. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya rubuto mini zagi ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san wasu za su yi dariya su ce a kan na'ura ce babbar mace take neman zaucewa. Ku yi dariyarku, ni ma da wata ce ta kawo labarin wataƙila da na yi. A aji shida na tsaya da lakol, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da ni.

Ni mace ce, na haura shekara arba'in, muna zaune a wani gari tsakanin Gazawa da Agiye. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kakannina da na maigidana makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, suka ajiye sanda suka ɗauki hauya. Shanun sun tafi, yaren ma saura ƙiris, amma abu ɗaya ya ƙi tafiya daga gidanmu, wato kunyar ɗan fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta tsayar da ido a fuskarsa, ba ta bari a ga ta damu da shi. Nawa ɗan farin namiji ne. Ana yaye shi yayar maigidana ta ɗauke shi, ɗakinta yana cikin gida ɗaya da nawa tun da mijinta ya rasu ta dawo. Ita yake kira Goggo. Ni kuwa in zai ambace ni Adda yake cewa, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In na zuba masa abinci sai in ajiye a bakin ƙofa in ce wa bango ga tuwo nan, mai ci ya ci. Akwai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi yana ƙarami har ya sandare, mata suka cika ɗakin Goggo ana salati, ni ina tsakar gida ina buga taɓarya cikin turmin da babu komai a ciki. Ban shiga ba. Aka yi ta yaba mini, har yau in ana son a kunyata wata ƙaramar uwa da ni ake ba ta misali. Ban taɓa faɗa wa kowa yadda hannuwana suka kumbura a ranar ba.

Yanzu ya girma, yana jami'a a Maradi, karatun noma yake yi, shekarar ƙarshe. Aikin da aka ba shi a kan itacen gawo ne da amfaninsa a gonar gero. Damina biyu ya yi yana yawo a gonakin mutane daga wajen Cadawa har Agiye, yana awo, yana tambayar tsofaffi, yana ɗaukar hoto, ya dawo ƙafa duk ƙaya. Daga wannan zai rubuta babban littafi da suke kira memuwar, ya tsaya gaban malamansa ya kare shi, sannan a ba shi takardar gamawa. Duk wannan a bakin Goggo nake ji, in tana yi wa baƙi alfahari ni kuma ina wanke-wanke a kusa ina yin kamar kunnena ba ya wurin. Kuma duk aikin yana cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, irin mai naɗewa da ake sawa a jaka.

Farkon daminar nan aka tura shi aikin koyo can cikin daji a arewa, inda babu kuran, wato wutar lantarki, kuma hanyar ba ta tafiya da kaya mai daraja ba ce. Ranar da zai tafi Goggo ta je gaisuwar mutuwa, mahaifinsa yana gona. Ina ɗaka sai na ga inuwa a labule. Ya turo jakar ta ƙarƙashin labulen, bai shigo ba, ya yi magana kamar da ƙyauren yake yi.

“A ajiye mini wannan. Ɗakin Goggo yana yoyo, ga jikoki. Aikina duka yana ciki, babu shi a ko'ina, ɗan kilen da nake soka mata in kwafe aikin ciki ya ɓace. Kada a faɗa mata, za ta ji ba daɗi.”

Wata kaza tana wucewa, ita na kalla na ce, “An ji.”

Jama'a, tun da na haife shi wannan ne abu na farko da ya taɓa damƙawa a hannuna. Ba a hannun Goggo ba, ba a hannun ubansa ba. Ni.

To ni kuma Allah ya yi ni da wasiwasi. Ni ce mai sake alwala don ban tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba, ni ce mai dawowa daga hanyar kasuwa don in duba ko na kashe wutar murhu. Kun ga irina aka ba ajiya. Na sa jakar ƙarƙashin gado, na tuna damshi. Na ɗora ta saman kwanuka, na tuna zafin rufin kwano da rana. Na sa ta cikin akwati, na tuna ɓera, na tuna gara. Na naɗe ta da zani uku, sai na ce to in ta rasa iska fa? Ana cikin haka wata safiya na ga maigida yana ta tayar da moto, babur ɗin nan na ƙanensa da ya tafi cin rani ya bar masa. Na tambaye shi ina za shi, ya ce ba inda za shi, ɗumama shi yake yi, moto in aka jingine shi ba a tayarwa batirin mutuwa yake. Na ce moto kaɗai? Ya ce duk wani abu mai batiri haka yake, ko tocila. Ya ci gaba da aikinsa bai san ya dasa mini ƙaya a rai ba. Wuni na yi ina juya maganar. Ashe ina nan ina naɗe abu da zannuwa, shi kuwa yana mutuwa a ciki? Yaron ya dawo ya tarar da gawa, me zan ce wa ƙyauren?

Washegari da hantsi, gida ya watse an tafi gona, kuran kuma ya zo, na ciro ta na jona wayarta a bango, na buɗe, na danna maɓallin da na sha hango shi yana dannawa. Wallahi a ranar niyyata ɗumamawa ce kawai, kamar moto.

Sai hoto ya cika allon. Gawon bayan gidanmu ne, babban nan, rana tana faɗuwa ta bayansa. A gindinsa can gefe, ƙarama, ga wata mace ta ba da baya tana tsugune gaban kasko. Na daɗe ina kallo kafin na gane ɗankwalin. Ni ce. Ban san ranar da ya ɗauka ba. Na taɓa wani maɓalli, hoton ya dushe, sai ga fuskarsa cikin ɗan da'ira, yana murmushi, ga sunansa a ƙasa an rubuta ɓaro-ɓaro, ga wurin sa lambar sirri. Ban san lambar ba, ban kuma gwada ba, Allah shaida ne ban taɓa shiga cikin aikinsa ba. Amma na zauna na kalli fuskar nan yadda ban taɓa kallonta ba tun yana cikin tsumma. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe hancin mahaifina ya ɗauko. Na karanta sunan da leɓe, ba murya, ni kaɗai a ɗaki ina waiwayen labule kamar ɓarauniya.

Ga inda laifina ya fara, ba zan ɓoye ba. Buɗewa ta biyu da ta uku da duk waɗanda suka biyo baya, ba don batiri ba ne. Da bakina ina ce wa kaina ɗumamawa nake, amma na san abin da ke kai ni. Har tambaya ta zame mini ciwo: ni ya ɗauka, ko gawon ya ɗauka na faɗo ciki? Ai gawo ne aikinsa. To amma gawo nawa ya ɗauka a damina biyu, me ya sa wannan ya ɗora a gaba? Haka zan yi ta yi, sai in kashe ta ta ɗan alamar da ke kusurwa, inda ake zaɓar kalmar kashewa da Faransanci, wannan kam karatuna ya kai.

Ranar da abin ya faru, da na je kashewa sai na ga kalmomin sun canja, an ƙara wani dogon layi mai ɗigon rawaya a gefe, ya haɗa sabuntawa da kashewa. Na tsaya ina shakka, sannan na ce tunda akwai kashewa a ciki ai shi ke nan, na danna. Ba ta mutu ba. Allon ya koma shuɗi, wasu ɗigogi suka kama zagaye, lamba ta fara hawa a hankali kamar tafiyar hawainiya, a ƙasa kuma ga rubutu. Wannan rubutun ne ba na iya yafe wa kaina, domin na karanta shi, na kuma gane shi sarai. Cewa ya yi ana aiki, kada a kashe. Ba zan ce jahilci ba ne. Da ban yi lakol ba ma da ya fi mini sauƙi.

Na zauna ina jira, na'urar ta ɗauki zafi, wani abu a cikinta yana huci kamar injin niƙa daga nesa. Sai na ji takun takalmi da sallamar Goggo a tsakar gida, ashe ta dawo daga gona da wuri. Na rufe murfin, hucin bai tsaya ba. Na danna ta ƙarƙashin filo, ana ji. Goggo tana tahowa tana cewa ina rariyarta da na ara. A cikin wannan ɗan lokacin babu abin da na tuna, ba memuwar ba, ba gawo ba, ba ƙayar da ya taka ba. Abu ɗaya ne a kaina, za a shigo a same ni rungume da kayan ɗan fari, a ce ashe duk kunyar nan ta bakin mutane ce. Na buɗe murfin, na ɗora yatsa a maɓallin na danne, na ƙi ɗagawa har ta yi tsit. Kamar mai shaƙe kaza.

Goggo ta ɗaga labule ta ce, “Ke kuma lafiya, kin shige ɗaka da hantsi kamar amarya?”

Na ce, “Ƙafata ce ke ciwo, Yaya.”

“Ƙafa ke ciwo, goshi ke gumi? To Allah ya sawwaƙe.”

Ta zauna a bakin gadon, dab da filon, ta yi ta ba ni labarin ɗanta, haka take kiransa, wai in ya gama za a ba shi buro, ofis nasa na kansa, da mota, ita ce za ta fara shiga gaba. Ni ina ta cewa Allah ya sa.

Da ta fita na sake kunnawa. Babu gawo, babu fuska. Tambari ya fito, ɗigogi suka zagaya, aka rubuta wai ana shirin gyara da kanta, na ce alhamdulillahi. Sai allon ya yi baƙi, ta mutu, ta sake tashi da kanta, tambari, ɗigogi, ana shirin gyara, baƙi. Haka take ta yi kamar jakin da aka ɗaure a turke yana zagaye. Na ba ta hutu na kwana biyu ko gajiya ce. Na cika ta da wuta. Na sa ta a inuwa na yi mata fifita. Na yi mata addu'a na tofa, kada ku yi dariya, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Duk a banza.

Ranar kasuwar Gazawa na shimfiɗa ta a gindin babbar roba, na rufe da zani, na jera ƙuli-ƙuli a sama, na hau kabu-kabu ina roƙon mai moton ya bi ramuka a hankali har ya tambaye ni ko ƙwai na ɗauko. Na kai ta wurin wani mai gyaran waya da ake yabo. Rumfarsa cike da samari, kiɗa yana tashi, ya karɓa da hannu ɗaya yana cin rake da ɗayan. Ya kunna, ya kalli zagayen sau biyu, ya daddanna wasu maɓallai, ya ce wannan ƙaramin abu ne Hajiya, formataj za a yi mata, kafin ki sayar da ƙulinki ta tashi. Na ce masa ban je Makka ba tukuna, kuma mene ne formataj? Ya ce wankewa, a share komai tas a zuba sabo, ta dawo kamar yau aka sayo. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ce ai shi ne dattin da za a wanke. Har ya soka wani ɗan ƙarfe a gefenta. Ban san lokacin da na fizge ta ba, har na ture masa raken. Samarin suka bushe da dariya, ɗaya yana cewa Inna ko zinariya ce a ciki. Na fito rungume da ita. Da ban yi tambayar nan ba fa? Da kunya ta hana ni, kamar yadda ta saba?

Bayan mako na ce wa maigida gyaɗa ta fi araha a Agiye, ƙarya ta biyu ke nan bayan ta ƙafa, ga ta ƙwai ma da na bar mai moto a kai. Can aka nuna mini wani dattijo-dattijo mai gyaran na'urorin ma'aikatan buro, shagonsa shiru, ba kiɗa. Shi ya saurare ni. Ya tambaye ni ko wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa. Na ce ba wuta ba ce, hannu ne. Ya yi mini bayani da Hausar da zan gane, ya ce abin da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya shi ake canjawa da sabo a lokacin, kamar a yaye rufin ɗaki don a ɗora wani, ni kuma na kori magina an yaye tsohon ba a ɗora sabon ba. Ya ce kayan ɗakin suna nan, ba abin da ya same su, kuma akwai hanyar mayar da tsohon rufin. Na ji kamar in durƙusa masa. Ya daddanna ya fitar da ita daga zagayen, ya shiga wani shuɗin allo mai zaɓuɓɓuka, ya bi ta nan ya bi ta can, sai ya tsaya ya cire tabarau. Wani dogon wuri ya fito fari, yana jiran a cika shi.

Ya ce ɗakin a kulle yake. Na'urar ta ga an taɓa ta ba daidai ba, ta ɗauka ɓarawo ne, ta datse komai, ba za ta buɗe ba sai an sa mata wata doguwar lamba ta ceto, ba lambar da mai ita yake sawa kullum ba. Ya gwada tayar da ita da nasa kilen ko ya kwashe aikin ta bayan gida, ya ce yana ganin rumbun amma ba ƙofa. Lambar tana ajiye a asusun mai na'urar, shi kaɗai zai iya dubawa a wayarsa in ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, ya karanto, a rubuta, shi ke nan. Ya ce in ba haka ba ko Yamai na kai ta magana ɗaya ce, ko lambar ko wankewa.

Sannan ya ɗauki biro ya ce, “Ta wa ce? Mi ne sunan mai ita?”

Na ce, “Ta wani yaro ce, ɗan maƙwabta.”

“Ɗan maƙwabtan ba ya da suna?”

Na shiga gyara bakin zani. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ajiye biron.

“Inna, ɗan fari ne ko?”

Bai sake tambaya ba. Ya ce tasa uwar har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya san abin. Ya ce in ba shi lambar wayar shi ya kira, maza su yi maganarsu. Na kusa miƙawa, sai na tuna. Yaron zai ɗauki waya ya ji baƙon murya daga Agiye yana ce masa na'urarka tana shagona. Wa ya kawo? Wata mai ƙuli. Ajiyar da ya tsallake Goggo ya tsallake ubansa ya ba ni, ya ji ta a bakin wani, a kasuwa? Na ce a'a, a dakata. Na naɗe kayata na dawo, ko gyaɗar ban saya ba, sai da na ƙaro wata ƙaryar a gida.

Tun ranar nake cikin wannan hali, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin a tafin hannuna yake. Ba a ce in je Maradi ba, ba a ce in sayar da akuya ba. Kira ɗaya ne. Lambar wayarsa tana cikin wayata, na kwafe ta a ɓoye daga wayar Goggo tun shekarar da ya shiga jami'a, ban sa mata suna ba, ɗigo ɗaya na sa, ban kuma taɓa dannawa ba. Na san za ku ce in rubuta masa saƙo tunda na iya rubutu. Na rubuta ya fi a ƙirga, ina gogewa. In fara da me? In ce an taɓa ajiya ta lalace? Zai ce wa ya taɓa. In ce don batiri? Rabin gaskiya ke nan, ni kuma na gaji da rabi. Zai ce to me ya sa aka kashe ana tsakiyar aiki, ba a ga rubutun ba? An gani. In ce masa na zaɓi kada Goggo ta ga ina sonka a kan wahalarka ta damina biyu? Da wane bakin, bakin da bai taɓa ce masa sannu ba?

Ta hannun Goggo kuwa ba hanya, domin ita ce ma aka ce kada ta sani. Matar nan ta goya shi, ta yi jinyarsa, ta sayar da tunkiyarta ranar da zai tafi karatu. In ta ji ya tsallake ta ya ba ni ajiya, ni kuma na lalata, ban san wanda zai fi shiga uku ba tsakanina da shi. Maigida na ɗan gwada shi da zance, na ce na ji wai yanzu wasu matan har waya suke yi da ƴaƴansu na fari. Ya tsaya da cin tuwo ya ce ai shi ya sa albarka ta ƙare, ya kawo labarin wata maƙwabciyarmu da ta rungume ɗanta ranar da ya dawo daga soja, shekara nawa yanzu har yau in ta wuce mata suna taɓa juna. Ban ƙara tayar da zancen ba.

Kuma kada ku ce ban san hukunci ba. Na ji a rediyo malamai suna cewa wannan kunyar al'ada ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, amana kuwa za a tambaye ni ita a kabari. Na sani. Amma sani daban, harshe ya motsa daban. Wani lokaci haushin na'urar nake ji, wace irin aba ce da ba za a kashe ta ba sai ta ga dama, kuma ta kulle kanta ta ƙi uwar mai ita? Wani lokaci haushin moton ƙanen maigida. Wani lokaci haushin waɗanda suka yaba mini ranar turmin nan, da sun zage ni a ranar wataƙila da yau ina da baki. Daga ƙarshe duk haushin kaina yake dawowa. Har Shaiɗan yana raɗa mini wata hanya, wai in koma Gazawa a wanke ta, ta tashi fes, in mayar cikin jaka in naɗe da zani. In ya dawo ya tarar babu komai zai ce zafi ne ko damshi, ba zai taɓa tuhumata ba, domin a saninsa ni ko kallon kayansa ba na yi. A'uzu billahi. Amma na faɗa muku ne don ku san har ina tunanin ya kai.

Lokaci kuma ba ya jirana. Ana yanke gero zai dawo, daga nan sai gaban malamai, ga gero ya riga ya fitar da kai. Mai gyaran ya ce in lambar ta samu aikin bai wuce na wuni ɗaya ba, amma shi yaron ba kullum yake samun rezo ba, sai ya hau wani tudu, in na bari ya ƙure ban san ko zai sami sararin gyara abin da zai gyara ba. Juma'ar da ta wuce ya kira Goggo, ta buɗe muryar yadda ta saba don duk gida a ji ɗanta. Ina gefe ina tsince gyaɗa. Ya gaida kowa da suna, har akuyar Goggo ya tambaya. Can dab da zai ajiye sai ya ce, “Goggo, a gaida mutanen wancan ɗakin. A ce musu na gode.”

Goggo ta ce, “Godiyar mi?”

Ya yi dariya, layin ya yanke. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ni kuwa na zuba gyaɗa mai kyau cikin ɓawo, ɓawo cikin mai kyau. Tun ranar sau biyu tana shigowa ɗakina neman abin da ba ta ajiye ba.

Godiya yake yi mini, jama'a. Yana can kan tudu yana godiya, abin yana nan ƙarƙashin gadona yana zagaye.

Don Allah iyaye mata, musamman waɗanda suka san irin gidajenmu, da ku ƴaƴan fari da aka yi wa irin wannan kunyar, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. In kai ne, gara ka ji daga bakin mai gyara ko daga bakinta? In ka ji dalilin da ya sa take buɗewa, za ka raina ta ne? Jiya na zauna da wayar a hannu, yatsana a kan ɗigon nan, na ce yau sai na danna. Sai wani abu ya faɗo mini da ban taɓa tunawa ba. Ba shi da lambata. Bai taɓa jin muryata a waya ba, a fili ma rabinta bango da kaji suka sha. Zai ɗauka ya ce alo, wa ke magana?

In ce masa wa?

Me zan yi?